Yadda ake ƙara wa fitilar marsharyar haske, daga wanke gilashi har ɗaura rele

A Yamai ɓarnar da ake yi wa bayan mota sau da yawa ba a kan kwalta take faruwa ba. A lungu ne, bayan isha'i, lokacin da mutum ke ja da baya zai shiga gida: kanibo a buɗe ta wannan gefe, tarin bulo ta wancan, akuya kwance a rairayi, wani lokaci ma yaro ya biyo motar babansa da gudu. Unguwanni da yawa na gefen gari ba su da fitilun titi, inda akwai su ma da an ɗauke wuta duhun ɗaya ne. A nan direba ke gane cewa fitilar marsharyar, wadda wasu ke ce wa ribas, ba ta nuna masa komai.

Kamfanonin mota sun fi ɗaukar wannan fitila a matsayin gargaɗi ga wanda ke baya. Ƙwan da aka fi sakawa, P21W, wat 21 ne, haskensa wajen lumen 460. Ƙaramin nan W16W lumen 310 yake bayarwa, alhali ƙwan H4 na gaba yana ba da 1000 a ƙaramar wuta. Ga shi motocinmu galibi sun yi shekaru a Turai kafin su iso ta Kwatano ko Lome, sun kuma sha ƙura da rana a nan, ɗan hasken da suka zo da shi ya zube a gilashi mai datti da waya mai tsatsa. Don haka aikin yana da jeri. A fara dawo da hasken da ya ɓace, sannan a canja ƙwai, ƙarin fitila ta zo ƙarshe idan da buƙata. Wanda ya fara daga ƙarshe ya ɗora sabuwar fitila ne a kan tsohuwar cuta.

Tsayar da motar tukuna

Duk gwajin da za a yi, injin a kashe yake. Ka ajiye mota a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu, ka sa dutse gaba da bayan taya ɗaya, ka murɗa makulli zuwa kontak har fitilun tablo su kama amma kada ka tayar, sannan ka saka marsharyar. Mai otomatik ya taka birki ya kai sandar kan R. Kada ka taɓa yarda wani ya tsuguna a bayan mota injin na aiki giya na ciki, ko da minti ɗaya ne, domin ƙafa takan zame daga kuloci.

Ka zagaya ka duba. Idan gefe ɗaya ne kawai ya kama, kada ka yi saurin cewa ɗayan ya ƙone. Motoci da yawa ƙirar Turai fitilar marsharyar ɗaya tal suke zuwa da ita, ɗaya gefen jar fitilar hazo ce. Gilashin ne zai gaya maka: inda babu farin yanki babu marsharyar.

Gilashi da mazaunin ƙwai

A ƙananan motoci irin Corolla ana kai ga fitilar ta cikin but, a ɗaga kafet, a kwance noti biyu ko uku da kile 8 ko 10. A Hilux sai a buɗe ƙofar baya, za a ga kusoshin da ke riƙe da ita. Mazaunin ƙwai ana murɗa shi hagu kaɗan ya fito. Idan gilashin ƙwan ya yi baƙi daga ciki, zarensa ya ƙare ke nan ko da yana kamawa, a jefar. Idan ƙarfen mazaunin ya yi kore ko fari kamar gishiri, a kankare da takardar yashi mai laushi har ya yi ƙyalli, a ɗan ɗago harshen da ke taɓa gindin ƙwai da bakin turnabis, kontak a kashe.

Ƙurar hunturu tana shiga ta kowace kafa ta kwanta a cikin gilashin, damina ta zo ta mayar da ita laka ta bushe a wurin. A cire duk ƙwayayen, a zuba ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun ruwa, a girgiza, a ɗauraye sau biyu ko uku, a kife a inuwa har ya bushe ƙaf. Bangon nan mai sheƙi na ciki wanda ke turo haske waje, kada yatsa ko tsumma ya taɓa shi, fentinsa siriri ne, gogewa ɗaya ke kwashe shi. Bayan gilashin kuwa idan rana ta dafa shi ya yi hazo, a goge da takardar yashi ta ruwa mai lamba 1500, sai 2000, sai 3000, kullum a jiƙe, a ƙarasa da man goge fenti. Fetur da tina suna tsattsaga roba, a nisanta su. Soson da ke tsakanin fitila da jikin mota in ya mutu a yanka sabo, amma ƙananan ramukan shan iska da ke bayan fitilar a bar su a buɗe; wanda ya toshe su da silikon ya kulle gumi a ciki.

Auna wutar, nan ne asarar take ɓuya

Wannan matakin shi aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi biya. Ƙwai mai zare ba ya haƙuri da ƙarancin wuta: idan wutar da ke isa gare shi ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa kan faɗi da kusan kashi 30. Mota tana iya zubar da kusan sulusin haskenta ba tare da komai ya ƙone ba.

Ka sa na'urar awon wuta a kan bolt 20 na wutar batir. Kontak a buɗe, marsharyar a ciki, ka auna kan batir. Mai lafiya zai nuna wajen 12.2 zuwa 12.6 a wannan hali. Sai ka koma baya, ƙwai na cikin mazauninsa yana ci, ka zura jan tsinke ta bayan fulogi ya taɓa wayar wuta, baƙin tsinke a kan ƙarfen mota inda babu fenti. Dole ƙwan ya kasance yana ci, domin waya mai tsatsa takan nuna bolt 12 cif idan babu abin da ke jan wuta, sai an ɗora mata kaya take fallasa. Bambancin da bai wuce rabin bolt ba babu laifi. Idan ya kai bolt 1 ko fiye, akwai inda wuta ke maƙalewa: fulogin da ke cikin but, ƙafafun fizibil, ko kontaktar bwat, wato makunnin da ke jikin akwatin giya mai kunna fitilar idan an saka marsharyar.

Sai mas, wato wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota. Ka bar baƙin tsinke a kan ƙarfe, ka kai jan kan wayar mas ta fitilar. Fiye da bolt 0.2 laifi ne. Alamarsa ma ana gani da ido: a taka birki fitilar marsharyar ta ɗan yi ja-ja, ko a sa sigina duk fitilun gefen su riƙa ƙiftawa tare. Ka bi wayar har inda aka ɗaure ta da jikin mota, ka kwance, ka kankare ƙarfen da kan wayar har su yi fari, ka ɗaure tam, ka shafa ɗan giris a sama.

In babu wuta ko kaɗan, fizibil ne farko. A Toyota da yawa fitilar marsharyar tana kan wanda aka rubuta wa GAUGE ko BACK UP, galibi amper 10, ja. Idan lafiyarsa lau, saura kontaktar da ke ɗaure a jikin bwat, mai waya biyu. Ka zare fuloginsa ka haɗa ramukan biyu da guntun waya. Fitila ta kama, kontaktar ne ya mutu, a sayo sabo da wanshinsa. A otomatik aikin yana cikin babban makunnin da ke gefen bwat inda sandar giya ke shiga, kuma sau da yawa saiti ne ya goce. Alamar ita ce fitila na kamawa idan ka ɗan girgiza sandar a kan R.

Zaɓen ƙwai

Ka tafi kasuwa da tsohon ƙwan a aljihu. Iri uku ne suka fi yawa: P21W mai gindin ƙarfe da ƙusoshi biyu daura da juna, wanda kwali kan rubuta wa 1156 ko BA15s; W16W mai gindin gilashi da ake turawa kawai, shi ne T15 ko 921; da W21W, babban mai turawa, T20 ko 7440. Akwai masu kama da P21W da ba su ba ne. Na birki, P21/5W, ɗigo biyu gare shi a gindi. Na sigina mai ruwan lemo, PY21W, ƙusoshinsa a karkace suke. Wanda aka tura da ƙarfi ya lalata mazauni. Masu manyan motoci da wasu tsofaffin Land Cruiser na gazuwal su tabbatar ko motarsu bolt 24 ce kafin su sayi komai.

Akwai masu cusa ƙwan halojen na wat 35 ko 50 a wannan rami. Haske yana ƙaruwa, amma gidan fitilar roba ne da aka yi wa lissafin wat 21, zai narke ya lotsa, kontaktar bwat ma ya ƙone da wuri. Ba ma ba da shawararsa ko kaɗan.

LED ita ce hanya, sai dai kasuwarta cike take da ƙarya. Kwali zai ce lumen 3000 ko 4000. Ga lissafin da ba ya ruɗi: LED mai kyau tana ba da wajen lumen 100 a kowane wat. Ka sa na'urar awo a kan amper ka jona ta tsakanin batir da ƙwan. Wanda ya ja amper 0.2, wat biyu da rabi ne, bai ma kai tsohon ƙwanka ba. Wanda ya ja 0.6 zuwa 0.8, wato wat 7 zuwa 10, shi ne zai kusa ninka hasken P21W. Ka roƙi mai shago ya bar shi a kan batir minti biyar. Mai arha yakan fito da ƙarfi sannan ya dusashe da ya ɗau zafi, kuma a watan Afrilu da Mayu da zafin Yamai ke haura digiri 40 irinsa ba ya daɗewa. Ka ɗauki mai jikin alminiyom mai ɗan nauyi a hannu, mai idanu a gefe-gefe da kuma a kai, domin na gefen ne ke cika bangon mai sheƙi. Wanda idanunsa duk a kai suke, tabo ɗaya zai yi a bango ya bar gefen mota cikin duhu, alhali gefen ne kanibo yake. Mai ƙaramar fanka a ciki ƙura ke kashe shi. Mai walƙiya yana ruɗa na baya. Wajen launi, fari mai lamba 4300K zuwa 5000K ya fi wanda ya karkata zuwa shuɗi daɗin gani a kan jar ƙasa da cikin ƙura. Ka kuma gwada tsawonsa da na tsohon, wasu sukan tokare gilashi.

Idan ka saka mai turawa bai kama ba, ka zare ka juya shi ka mayar. LED da yawa ta fuska ɗaya kawai suke karɓar wuta. Mercedes, Volkswagen, BMW da sabbin Peugeot kuwa kwamfutarsu tana auna abin da ƙwai ke ja, da ta ga ya yi kaɗan sai ta kunna gargaɗi a tablo ko ta riƙa sa shi ƙiftawa. A nemi wanda aka rubuta wa CANBUS. Idan bai wadatar ba a haɗa rezistans, wato ƙaramar na'urar da ke ƙara jan wuta, mai om 6, wat 50, tsakanin wayar wuta da mas. Yana cin kusan wat 30, yana zafi har ya ƙona hannu, saboda haka da kusa ake ɗaure shi a jikin ƙarfe, nesa da kafet da roba.

Ga ƙaramar mota mai yawon cikin gari, yawanci aikin ya ƙare a nan.

Ƙarin fitila da rele

Hilux, Land Cruiser, Hiace, da duk mai zuwa ƙauye ko gona ko bin hanyar Filinge zuwa Tawa da dare, ƙwai kaɗai ba zai ishe shi ba. Fitilun aiki na LED guda biyu, wat 18 kowace, sun wadatar. A zaɓi masu baza haske, ba masu harba shi nesa kamar tocila ba, kuma masu alamar IP67, wato ƙura ba ta shiga, ruwa ma haka. Biyun tare amper 3 suke ja.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a feɗe wayar marsharyar a rataya su kai tsaye. Za su kama, har a yi murna. Amma siririyar waya ce, kuma duk wutar ta kontaktar bwat take bi. A sabbin motoci ma daga kwamfuta take fitowa, wadda gyaranta ya ninka kuɗin fitilun nesa ba kusa ba. Rele ne maganin wannan, wato ƙaramin makunni da wuta kaɗan ke kunnawa shi kuma ya saki babba. Abin da yake karɓa daga tsohuwar waya bai kai amper 0.2 ba, ainihin wutar kuwa daga batir yake ɗaukowa.

Kayan su ne rele na bolt 12 mai ƙafa huɗu ko biyar, amper 30, da mazauninsa. Gidan fizibil mai murfi da fizibil na amper 7.5 ko 10. Waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5 kamar mita 7 ja da mita 2 baƙa. Tiyon roba mai ƙwarya-ƙwarya da ake zura waya. Kawunan waya masu zobe, dalma, robar da ke tsukewa da zafi, da koliye, wato ɗaurin roba da ake zugewa. A kula da wayar. Akwai alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ka kankari zare ɗaya da wuƙa, idan cikin fari ne ka ajiye, yana karyewa da girgiza kuma yana riƙe wuta. Wayar gida mai sanda ɗaya ita ma ba ta mota ba ce. Jan ƙarfe na gaske mai 1.5, a tsawon mita 6 da amper 3, abin da yake zubarwa wajen bolt 0.2 ne kawai. Idan fitilun sun haura wat 60 gaba ɗaya a koma 2.5.

Ka fara da cire kan batir na mas da kile 10. Idan rediyonka mai lambar sirri ne ka tabbatar kana da ita tukuna. Ƙafafun rele da lambobi a jikinsu. Ƙafa 30 ita ke karɓar jar waya daga kan wuta na batir, kuma fizibil ya zauna kusa da batir, kada ya wuce santimita 20. Dalili: wayar yake karewa. Idan ta goge da shasi a tsakiyar mota alhali fizibil yana can baya, duk tsawonta zai yi ja kamar garwashi, a gefen tiyon fetur. Ƙafa 87 ta tafi ga jajayen wayoyin fitilun biyu. Ƙafa 86 ta karɓi sigina daga wayar marsharyar. Ƙafa 85 ta tafi mas. Ta tsakiya, 87a, a bar ta haka a rufe ta. Tana da wuta duk lokacin da rele ke hutawa, wanda ya jona fitila a kanta zai ga tana ci kullum sai an saka marsharyar ta mutu.

Kada ka dogara da launi wajen gano wayar marsharyar, yana canjawa daga ƙira zuwa ƙira. Kafin ka cire batir ka nemo ta da fitilar gwaji: ita ce mai wuta idan giya na ciki, babu idan an fitar. Ka feɗe santimita ɗaya ba tare da ka yanke ta ba, ka naɗa sabuwar, ka zuba dalma, ka rufe da kyau. Murɗawa da hannu a naɗe da salatif ba ta kai damina biyu, zafi ke narkar da gam ɗin ya saki.

A mota mai but, rele ya zauna a ciki kusa da fitilar baya, jar waya ɗaya ta taho daga gaba ta ƙarƙashin kafet. A Hilux da ba ta da busasshen wuri a baya, a ɗaura shi kusa da batir, a ɗauki sigina daga wayar da ke fitowa daga kontaktar bwat. Ko'ina ne, ƙafafunsa su kalli ƙasa don kada ruwa ya taru a ciki. Wayar da ta bi ƙarƙashi ta kasance cikin tiyo, ta bi hanyar wayoyin kamfani, koliye kowane santimita 30, tazarar aƙalla tafin hannu daga salansa, kuma kada ta ratsa ramin ƙarfe sai da zoben roba. Mas ɗin fitilun a ɗaure shi a shasi, ba a parshok ba, domin kusoshin parshok tsatsa ta riga ta ci su.

Wurin ɗaurawa: ƙa'idar da motocin Turai ke bi ta sa fitilar marsharyar tsakanin santimita 25 da mita 1.2 daga ƙasa, fara, kuma ba ta ci sai giyar na ciki. Wannan ma'auni ne mai kyau a nan ma. Wadda aka rataya can ƙasan parshok, rairayi ko gangaren ƙorama zai tsinke ta. Wadda aka kai saman rufi tana dukan idon mutane, cikin ƙura kuma hasken ya dawo maka ta madubi. Gefen ƙarfen jan tirela ko saman parshok ya fi. Ka leƙa bayan wurin kafin ka huda, ka shafa fenti a ramin, ka sa noti mai roba a ciki ko wanshi mai tsini, saboda hanyar jar ƙasa mai ƙunya-ƙunya tana kwance noti cikin tafiya ɗaya.

Masu son kunna ta da hannu, don sauke kaya ko canja taya a daji, su sa makunni mai matsayi uku. Ƙafarsa ta tsakiya zuwa 86, gefe ɗaya wayar marsharyar, ɗaya gefen wutar da ke zuwa bayan kontak, da ƙaramar fitilar shaida a tablo. Haka wutar hannu ba za ta koma cikin layin marsharyar ba. Dalilin ɗaukowa daga bayan kontak shi ne mantuwa: amper 3 cikin awa 10 ya cinye rabin batir mai amper-awa 60. Kuma farar wuta a bayan motar da ke tafiya gaba tana makantar da mai babur ɗin da ke biye, tana sa shi zaton motar kansa take zuwa. A kan hanya makunnin ya zauna a matsayin marsharyar ko a kashe.

Saiti da abin da kan biyo baya

Ka mayar da batir, ka jira dare. Ka tsaya mita 3 daga bango, ka auna tsayin fitilar daga ƙasa ka ja layi a bangon da gawayi. Bakin hasken mai ƙarfi kada ya haura layin. A sunkuyar har ya sauka ƙasa da shi kamar tafin hannu biyu. Kowace a ɗan karkata ta waje domin a ga inda tayar baya za ta taka. Abin da ake nema ƙasa ta haskaka daga mita 1 zuwa 6 ko 8. Mai kyamarar baya ya duba allo: idan ya yi fari fat, haske na dukan parshok ko lambar mota yana komawa cikin kyamara, a ƙara sunkuyarwa. Idan gilashin baya an manna masa baƙar leda mai duhu sosai, ita ke shanye abin da ka ƙara, sai an cire ta ko a dogara da madubin gefe.

Fizibil na ƙonewa da an saka giya: jar waya ta taɓa ƙarfe tsakanin 87 da fitila, a bi ta a gano, kada a ƙara girman fizibil, kada kuma a naɗa masa zaren waya. Rele na yin ƙas amma babu haske: wuta ba ta isa 30, ko mas ɗin fitilun bai kama ba. Babu ƙas ɗin ma: 85 ko 86. Rele na kuka kamar ƙudan zuma a motar Turai: kwamfuta ce ke aiko da wuta a gutsure, wannan aikin mai gyaran wutar mota ne, ya sa rele mai jure irin wannan sigina. Rediyo na shuu da an saka marsharyar: na'urar cikin LED ɗin ce marar kyau, canja ta ya fi sauƙi.

Bayan mako ɗaya ka sake bin notocin da kile, ka ja kowace waya a hankali ka ji ko ta saki, ka duba inda ta kusanci salansa ko tiyon ya fara narkewa. Bayan ruwan farko na damina kuma ka leƙa gilashin da safe. Ɗan gumi da ke tashi da hantsi ba komai ba ne, amma ruwan da ya kwanta a ƙasan fitilar yana nufin soson bayanta bai zauna daidai ba, a sake kwancewa a gyara kafin ya kai ga mazaunin ƙwai.